Ranar da Motar Baba Ta Ƙi Juyawa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu turo mini saƙo suna tambayar ko lafiya na yi shiru, na gani, na gode. Lafiyar dai da sauƙi. Kun san ni ba mai yawan magana ba ce, rubutun ma da girmana na koye shi, don haka ku bar ni in bi abin a hankali yadda ya faru.

Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni, sunana Ikilima, a Daura muke zaune. Mijina Hafizu ya rasu a hatsarin babur a hanyar Mashi, Allah bai ba mu haihuwa ba. Da na fita takaba na dawo gidanmu sai na shiga makarantar manya, ina zama benci ɗaya da mata masu jikoki, daga nan na zarce wata cibiyar koyon kwamfuta. Mu uku ne a gidan: ni, da Baba, da Inna. Ni ce ta fari, ni ce ta ƙarshe, shi ya sa har yau Inna ba ta kiran sunana, sai dai "ke".

Baba, Malam Audi, dillalin shanu ne a kasuwar Mai'aduwa, kafin bara hawan jini ya kayar da shi ɓarin hagu ya shanye. Ƙafar ta ɗan dawo, yana jan ta da sanda. Hannun ne ya kwanta kan cinya kamar ba nasa ba.

Sai ga Musaddiq.

Shagon sola da kyamarar tsaro gare shi a bakin titi, kuma shi ne mai neman aurena. Ba ya zuwa sai cikin farar shadda mai ɗinkin hannu, hula a karye gefe guda, takalmi ba laka ko da an sha ruwa. Ba ya ɗaga murya. Idan zai gaida Baba har ƙasa yake durƙusawa, shaddar nan a kan siminti, bai damu ba. Shi ya sa mana sola kyauta, shi ya kuma ji likitan gashin ƙashi yana cewa a samo wa Baba abin da zai riƙa motsa yatsunsa, ya tafi ya dawo da wata na'ura a cikin baƙar jaka.

Kwamfuta ce ƙarama ta wasan gem, ana riƙe ta da hannu biyu kamar faranti. Allo a tsakiya, madannai dama da hagu, sai 'yan sanduna biyu gajeru da ake juyawa da babban yatsa. Ranar farko Baba ya ture ta.

"Ni za a kawo wa abin wasan yara? Da gemuna?"

Musaddiq ya kunna masa gem ɗin tuƙin tirela. Dama ita ke ba da wuta, sandar hagu ita ce sitiyari. Baba ya leƙa, ya sake leƙawa.

"Wannan ai irin wadda muke yi wa lodi ce zuwa kudu. Kai, wannan direban zai kashe wa mutane dabbobi. Miƙo nan."

Tun daga ranar, kullum bayan la'asar Baba yana kan buzunsa yana tuƙi. Da farko da ƙyar babban yatsan ke karkarwa. A hankali ya fara turawa, har ya zamana yana shan kwana yana ce wa Inna, "Kulu, zo ki ga Lokoja!" Unguwarmu kaf ba wanda bai ji labarin motar Malam Audi ba. Ita kuwa Inna magana ɗaya ta riƙe, safe da yamma.

"Ke, yaron da ya tayar da hannun ubanki, me kuma kike jira? Wahayi?"

Ba wahayi nake jira ba. Saurare nake yi, don shi kaɗai na iya tun ina yarinya.

Na'urar a ɗakina take kwana, don nan soket ɗin solar yake, kan 'yar durowar da ke gefen gadona. Wata rana muna waya da ƙawata Zulfa, wadda muka yi cibiyar tare, yanzu tana aure a Zango, na ce mata turaren Musaddiq yana hawa mini kai. Zuwansa na gaba sai ga shi da wani ƙamshi daban. Ya miƙo hannun riga yana murmushi.

"Wannan fa, Hajiyata? Shi ma yana hawa kai?"

Na yi dariyar yaƙe, na ce a raina dace ne. Sai kuma na faɗa wa Zulfa ina son neman aiki a Katsina. Ban kai ga gaya wa kowa ba bayan ita, muna zaune a zaure ya ce, kamar mai zancen farashin gero, shi matarsa ba ta aiki a wani gari. Wanda ya tsinka mini zuciya kuwa shi ne ranar da na ci karo da tsohuwar hular Hafizu a ƙasan akwati, na rufe ƙofa na yi kukana ni kaɗai. Da yamma saƙo ya shigo:

"Mamaci addu'a yake so, ba hawaye ba. Ki wanke fuska."

'Yan uwa, ku ce ku ne. Na daɗe ina kallon wayar, sannan na juya na kalli baƙar na'urar nan tana zaune kan durowa, 'yar fitilarta tana ƙiftawa.

Na bincika cikinta. Na tarar da wata manhaja mai sunan shagonsa, tana tashi da kanta duk sanda aka kunna, irin wadda ake shiga kwamfutar mutum da ita daga nesa. Ban tambaye shi ba. Ranar Laraba, Baba yana ƙailula, na ɗauko filashina na share tsarin Windows ɗin da ke tafiyar da ita gaba ɗaya, na ɗora wani tsarin, Linux, yadda aka koya mana. Na sake sauke gem ɗin tirelar, na taɓa allo da yatsa ya buɗe, injin ya yi gurnani. Na ji wani sanyi a raina. Sandunan kam ban ko taɓa su ba. A nan na yi wauta.

Bayan la'asar na kai wa Baba na koma wanke-wanke. Ina jin ƙarar motar ta tashi, jim kaɗan sai ƙarar karo. Ta sake tashi, ta sake karo. Sai shiru.

"Ikilima, zo ki kai ta caji."

Cajinta a cike yake. Na ɗauka gajiya ce.

Ranar Alhamis ya ce ba ya sha'awa. Tuwon dare ya dawo yadda aka kai shi. Na lura ya tura hannun hagun cikin aljihun riga, ko alwala sai ya juya mana baya. Inna ta aika aka karɓo rubutu, ɗakin ya cika da warin man habbatus sauda da tafarnuwa. Duk da haka kaina bai kawo ba, sai safiyar Juma'a, ina shara a bakin tagarsa, na ji muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Kulu, hannun ya koma."

"Haba Malam, daina faɗa."

"Ina ji a raina ina turawa, ashe ba na tura komai. Motar miƙewa kawai take har ta faɗa rami. Haka ya fara mini wancan karon, ina ganin ina riƙe da igiya ashe ta faɗi. Likita ya ce na biyun ba ya sallama. Likkafanina yana cikin adakar nan ta ƙarfe. Ki kira yaron nan ya zo yau bayan la'asar. Zan ba shi baki, ya turo manyansa a sa rana. Ina son in ga yarinyar nan a ɗakinta da idona."

Tsintsiyar ta suɓuce daga hannuna.

Na ruga ɗaki na kunna na'urar. Na ba ta wuta, tirela ta tashi. Na tura sandar hagu. Ko gezau. Na murza ta, na danna, na juya, motar ta miƙe ɗoɗar ta daki shingen titi. Innalillahi. Hannun Baba lafiyarsa ƙalau, ni na kashe masa sitiyari.

Ko mayafi ban gyara ba na faɗa ɗakinsa na durƙusa.

"Baba, ba hannunka ba ne, na'urar ce. Duba, ni ma ba ta juya mini."

Ya kalli yatsana a kan sandar, ya kalle ni, gefen bakinsa mai lafiya ya ɗan motsa.

"'Yar nan, da dillanci na ci na sha na aurar. Na san idon mai ɓoye aibin saniya. Allah ya yi miki albarka, amma kada ki yi mini wasan yara. Tashi."

"Wallahi Baba..."

"In ma lalacewa ta yi," Inna ta katse ni daga bakin ƙofa, "ai mai ita yana tafe. Na riga na kira shi."

Kun ga inda na tsaya. Baba ba zai yarda ba sai motar ta juya a ƙarƙashin yatsansa. In ba ta juya kafin la'asar ba, zai ba Musaddiq baki. Ni bazawara ce, ba mai ɗaura mini aure ban so ba, na sani. Amma wa zai kalli uban da ke zancen likkafani ya ce masa a'a? Kuma Baba in ya furta magana, ya furta ke nan.

Na kulle ɗaki na danna wa Zulfa saƙon murya, ina haki. Amsarta ta zo da kukan goyonta a ciki.

"Ke dai anya! Kin yi wa kwamfutar mutane kaciya ba ki tanadi magani ba. To nutsu. Fara gano ko sandar ce ta mutu ko tsarin ne bai gane ta ba. Kashe ta, ki danne madannin rage murya, ki kunna."

Na yi. Wani allo mai ruwan toka ya fito, wanda ke zuwa kafin kowane tsari ya tashi. Na tura sandar hagu, sai ga layin haske yana sauka yana hawa.

"Tana motsi!" na rubuta.

"To ƙarfenta lafiya lau. Sabon tsarin ne ya ɗauke ta a matsayin kibod da linzami, bai san hannun gem ba ce. Tafinta za ki sa musu a tsakani, 'yar manhajar da ake ce wa direba. Kina da data?"

"Kaɗan."

"Allah ya shirye ki. Bari in turo miki. Ki nemo kibod ki jona, da allo kaɗai sai ki kai Sallah ba ki gama ba. Ki fara sabunta tsarin gaba ɗaya, kada ki tsallake."

Ina da tsohon kibod na tun muna cibiya, harafi ɗaya ya fita, da ɗan abin da nake jona filashi a waya. Matsalar sabis ce. A gidanmu wuri ɗaya yake kamawa sosai, bayan madafi, kusa da turken awaki. Can na shimfiɗa buhu na zauna da atamfata ta zaman gida, kibod a cinya, na'ura a kan turmi a kife, waya a saman katanga tana ba ta intanet. Akuyar Inna ta miƙo wuya tana shinshinar igiyar caji.

Gari ya yi tsit, irin zafin nan mai danƙo na tsakiyar damina. Ta gabas sama ta fara haɗa rai.

Layin sabuntawa ya fara tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Ina zaune ina jin masu tafiya masallaci suna wucewa ta bayan katanga. Yau ko a kujera Baba bai nemi a kai shi ba. Inna tana madafi tana suyar kaza, ƙamshin yana dukan hancina, kazar da aka yanka don baƙon la'asar. Ta leƙo da ludayi a hannu.

"Ke, wankan fa? Na fitar miki da leshin nan ruwan zuma da mayafinsa. Ko haka za ki fito masa kamar mai tallar gawayi?"

"To Inna."

"Me kike ta ƙwaƙule a abin mutane?"

"Gyara nake."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta koma.

Wayar ta yi ƙara a kan katanga. Musaddiq.

"Barka da Juma'a Hajiyata. An ce jikin Baba ya motsa. Kada ki damu, ina nan tafe. Ki ajiye mini na'urar in duba ta."

Ban buɗe ba, daga sama na karanta. Wani ya sake shigowa.

"Kwana biyu na ji ki shiru."

Wane shirun yake nufi? Na waya, ko na ɗaki?

Aka sauko daga masallaci, layin ya cika. Na kwafi umarnin da Zulfa ta turo, harafi bayan harafi, ina karantawa a fili kamar yadda muke yi a ajin manya. Ya ƙi. Na duba, ashe na bar tazara inda babu. Na sake. Rubutu ya yi ta gudu a baƙin allo, iska ta taso ta kwashe wani buhu da ke gefena, awaki suka fara kuka, sabis ya ɗauke. Na miƙe tsaye na ɗaga wayar sama da hannu ɗaya kamar mai roƙon ruwa, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Ya dawo. Ya ƙarasa.

Na sake tayar da ita, na buɗe gem, na tura sanda.

Tirela ta miƙe ta faɗa rami.

"Zulfa ta ƙi. Na shiga uku."

"Sake tayarwa kika yi ko kashewa?"

"Sake tayarwa."

"Ba shi ba ne, uwar gaggawa. Madannan suna da 'yar ƙwaƙwalwarsu daban, har yanzu tana riƙe da tsohon hali. Cire komai. Danne madannin wuta, kada ki saki ko allon ya mutu, sai yatsanki ya yi tsami. Ki bar ta ta huta, sannan ki kunna."

Na danne. Hadarin ya riga ya rufe rabin gari, hasken ya koma ja-ja kamar magariba. Ladanin unguwarmu ya yi gyaran murya a lasifika. Na saki, na jira, na kunna da bismilla.

Na tura sandar hagu a hankali.

Kan tirelar ya karkata.

Na shiga wajen saiti na juya sandar zagaye-zagaye har ta san iyakarta, na kashe intanet ɗin na'urar ɗungurungum, na jefa wayata kan gado, na yi sallah a gurguje, na nufi ɗakin Baba. Na saki labule a bayana.

Yana kwance ya juya wa ƙofa baya. Na ɗora masa ita a gaba.

"Na ce miki..."

"Baba, sau ɗaya. In ba ta juya ba, da bakina zan ce wa Musaddiq ya turo."

Ya tashi zaune da ƙyar. Ni na zaro hannun daga aljihu, ya yi sanyi kamar an tsamo shi a randa, na ɗora babban yatsan a kan sandar. Ya ba ta wuta. Titi ya miƙe, can gaba ga kwana tana tahowa. Ina jin numfashinsa. Yatsan ya yi rawa, ya yi rawa, ya tura.

Motar ta sha kwana sumul.

Ya sha ta biyu. A ta uku ya danna hon, ya saki wata dariya da hawaye a cikinta.

"Ja'irar mota! Ashe ke ce, ba ni ba!" Ya goge ido da hannun riga, sannan ya dube ni, dubansa na kasuwa. "To me ya same ta? Abu ba ya lalacewa a hannunki haka kawai."

Na matsa kusa, na rage murya, na gaya masa komai. Turaren, zancen Katsina, hular Hafizu, manhajar da na gani, da abin da na yi ranar Laraba. Na ce ya yafe mini kwanakin da na sa shi a ciki.

"Baba, tsoronsa nake ji. Ni ba saniya ba ce da za a ɗaura wa ƙararrawa a san duk inda ta sa ƙafa."

Ya daɗe yana shafa gemu.

"Na ji," ya ce. "Je ki sa kaya."

Ruwan ya sauko daidai da tsayuwar motar Musaddiq. Ya shigo da lema, ko ɗigo bai taɓa shaddarsa ba. Na kawo ruwa da kazar, cikin leshin da Inna ta zaɓa, na koma bakin ƙofa na rakuɓe. Ya durƙusa.

"Baba, ya ƙarfin jiki? Hankalina ya tashi da Inna ta kira."

"Jiki ya yi kyau, Musaddiƙu. Ga shi ma ina hanyar Lokoja."

Musaddiq ya kalli allon. Kallo ɗaya. Na ga idonsa ya tsaya a kan 'yan alamomin da suka canza, amma murmushinsa bai ragu ba.

"Masha Allah. An ce kana son ganina."

"E. Cewa zan yi maganarku a dakata tukuna, sai an kawar da amfanin gona. Ba a gaggawa da damina."

Daga tsakar gida na ji murfin tukunya ya faɗi.

"Duk yadda ka ce, Baba." Ya miƙa hannu biyu cikin ladabi. "Bari in tafi da ita in ƙara maka sababbin hanyoyi, gobe in dawo da ita."

Baba ya dubi hannun da aka miƙo, ya dubi nasa na hagu da ke damƙe da gefen na'urar.

"Ka ga hannun nan, kamawa ya koya. Bai koyi saki ba tukuna. Bar ta."

Wallahi 'yan uwa, ji na yi kamar in yi guɗa. Na raka shi zaure ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Ruwa yana dukan kwano, ƙofar waje a buɗe, iska tana kaɗa masa gefen riga. Ya tsaya yana gyara lema, bai kalle ni ba.

"Kin iya aiki, Hajiyata. Har da direban madannai. Ban zaci an koya muku wannan ba."

Ya ci gaba, idonsa a kan lemar.

"Abin da kika goge, na gyara ne. In ta ba Baba matsala in duba daga shago. Ban taɓa buɗe shi ba, ko sau ɗaya." Ya ɗago, muryarsa a tausashe kamar mai lallashin yaro. "Kuma ni ban ɗauke ki saniya ba, Ikilima. Ƙararrawa kuwa, wadda ake tsoron ɓatanta ake ɗaura wa."

Ya buɗe lema ya shiga ruwa.

Na tsaya a wurin. Maganar nan ko awa ɗaya ba ta yi ba da fita daga bakina. Na'urar ba intanet, ni na kashe da hannuna. Wayata tana kan gado. A ɗakin daga ni sai Baba, kuma tun da na fito bai motsa daga kan buzu ba.

Na juya zan koma ciki, sai na gan ta. Inna tana tsaye a ƙofar zaure ta ciki, ruwan indararo yana zuba a bayanta, zaninta ya jiƙe har gwiwa. 'Yar wayarta mai madannai tana hannunta, ba ta ko ɓoye ba.

"Inna," na ce. "Turaren? Hular Hafizu?"

"Tambayata yake yi, ina gaya masa. Mai son ka ne yake tambayar yadda ka kwana." Ba ta kalle ni ba, titi take kallo, inda fitilun motarsa suke ɓacewa. "Ni na haife ki. Ba zan zauna ina kallo ki tsufa a ɗakin nan kina shinshinar hular mamaci ba."

"Inna, kin san abin da..."

"Yau kin kwance, gobe zan ɗaura. Ubanki a hannuna yake kwana." Sai a lokacin ta juyo, ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na yi wayo. "Kuma in kin ga dama, shiga ki gaya masa matarsa ce mai kai labarin. Kin dai ji abin da likita ya ce game da jininsa."

Ta matsa gefe ta ba ni hanya. Daga cikin ɗaki Baba ya danna hon, yana ƙwala mini kira in zo in ga gada.